Koyon tushen kalmomin Girkanci da Latinanci ya fi haddar jeri amfani

Duk wanda ya taɓa zama yana haddace kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya ya san yadda suke zubewa daga kai bayan 'yan kwanaki. A ganina, mai koyo ya fi cin riba idan ya mayar da hankali ga tushen da aka gina kalmomin a kai, domin yawancin kalmomin ilimi a Turanci daga Latinanci da Girkanci suka fito.

Tarihi ne ya kawo haka. Latinanci ya samu gindin zama a Ingila ta hanyar coci bayan isar Augustine, mai yaɗa addinin Kirista, garin Canterbury a shekarar 597. A 1066 kuma William, mai mulkin Normandy da ke arewacin Faransa, ya ci ƙasar da yaƙi, sai Faransanci, wanda shi ma daga Latinanci ya samo asali, ya zama harshen fada da na shari'a tsawon ƙarnoni, daga baya masana na ƙarni na 16 da na 17 suka riƙa ɗebo kalmomi kai tsaye daga tsofaffin harsunan biyu.

Wanda ya yi karatun sarafu a Larabci ba zai ga wannan hanya baƙuwa ba, tunda ya saba ganin tushe ɗaya yana haifar da kalmomi da dama. Tushen port na Latinanci yana nufin ɗauka, saboda haka import shigo da kaya ne, export fitar da su, transport kai su daga wuri zuwa wuri, portable kuwa abin da ake iya ɗauka a tafi da shi. Inda na fi ganin amfanin abin shi ne a fannin lafiya. Idan ɗalibi ya san cewa hepat hanta ce, nephr ƙoda, itis a ƙarshen kalma kumburi, ectomy kuma cirewa ta hanyar tiyata, to zai karanta hepatitis da nephritis da nephrectomy ya fahimce su ba tare da ya taɓa ganin su ba, kuma wannan fahimta ba ta saurin gushewa kamar hadda.

Sai dai tushe hasashe yake bayarwa, ba hukunci ba. Ɗafa-goshin in-, wato ƙarin da ke zuwa a farkon kalma, yana kore ma'ana a invisible (abin da ba a iya gani), amma a inflammable bai kore komai ba, kalmar tana nufin abin da ke saurin kama wuta, kuma kuskure a nan yana iya jawo haɗari. Shi ya sa nake ba da shawara a riƙa ɗaukar tushe daga cikin abin da ake karantawa, a yi hasashen ma'ana, a gwada ta da jimlar, sannan a duba ƙamus mai bayanin asalin kalma, a rubuta kalmar a ƙarƙashin 'yan'uwanta tare da jimlar da aka same ta a ciki.