Da wane harshe za a auna basirar yaron da karatu ya gagara?

Ɗan ƙanwata yana aji uku a wata makarantar firamare a nan Maraɗi, kuma har yau idan ya ɗauki allo yakan sa d inda b ta dace, ya tsallake gaɓa, ya tsura wa kalma ido kamar bai taɓa ganinta ba. Amma shi ɗin ne uwarsa take aika kasuwa da jaka guda, ya sayo kayan miya, ya lissafa canji dala-dala da ka ba tare da kuskure ba. Mushensu, wato malamin ajinsu, ya ce daƙiƙi ne, ni kuwa ban yarda ba.

Wannan larura sunanta disleksiya, sunan da wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya laƙaba mata a 1887. Tushenta yana cikin wahalar da ƙwaƙwalwa take sha wajen rarrabe sautukan kalma da haɗa kowane sauti da harafinsa. Shi ya sa masu gwaji, bayan an tabbatar da lafiyar ido da kunne, sukan tambayi yaro abin da zai rage idan aka cire "gi" daga "gida", su sa shi ya maimaita kalmomin da ba su da ma'ana, su jero masa lambobi ya faɗo su daga ƙarshe zuwa farko, sannan su duba saurinsa wajen ambaton launuka.

Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harshen gwajin. Shahararren gwajin basirar yara na WISC, wanda David Wechsler ya fitar a Amurka a 1949, yana da na Faransanci, amma da yaran Faransa aka daidaita ma'auninsa. Yaron da ya sha Hausa a nono, wanda sai a ajin CI, wato ajin farko na firamare, ya fara jin Faransanci, idan ya faɗi irin wannan gwaji, Faransancinsa aka auna, aka bar basirarsa. Ita kuwa larurar harshe ta gaskiya takan bayyana har a harshen uwa, don haka can ya kamata a fara nemanta.

Ranar Juma'a na zaunar da shi a tsakar gida. Ya ba ni tatsuniyar Gizo tsaf daga farko har ƙurunƙus, babu inda-inda. Da na ce ya cire "ta" daga "tabarma", sai ya yi shiru, yana murza bakin rigarsa. Wannan bambancin zan kai wa mushen ranar Litinin, in roƙe shi ya ajiye bulala.