Birki tukuna, ƙane

Ƙanena ya shigo da BMW daga Kotono. Yana so ya riƙa hawanta a gari, in ya samu filin tsere ya gwada ta, wai in ƙara wa injin ƙarfi. Na ce masa: ƙane, birki tukuna.

Da na zuƙo man birkin, baƙi ƙirin! Man nan yana shan danshi, in ya tafasa ka taka birki ya nutse har ƙasa. Man birki mai lamba DOT 3 sabo yana jure zafin digiri 205, DOT 4 kuwa 230, shi muka zuba. Sai taya masu kyau. Lagireto ma mun wanke, don zafin Damagaram a Afrilu yana wuce digiri 40.

Rage wa motar tsayi daga ƙasa kam na hana shi, lungunan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ba za su bar ta ba.