Idan tuta da usur suka saɓa

Na daɗe ina busa wasannin ƙwallon ƙafa na unguwanni da gasannin matasa. 'Yan wasa kan haɗiye hukuncin da bai yi musu daɗi ba, su ci gaba. Abin da ke wargaza wasa shi ne su hango alƙalin tsakiya da mai tuta sun rabu biyu, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Doka ta 5 cikin dokokin IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, ta ce hukuncin alƙalin tsakiya shi ne na ƙarshe, mataimaka kuwa shawara ce tasu. Amma alƙali na iya sauya hukunci bisa maganar mataimakinsa matuƙar ba a ci gaba da wasa ba. Da an take ƙwallo, magana ta ƙare. Duk shawarar da za mu yi, cikin 'yan daƙiƙun nan za a yi ta.

A wani wasan kusa da na ƙarshe, mai tutana dattijo ne da ya girme ni a shekaru da kuma aikin. Ya ɗaga satar gida, ni ban busa ba, yaro ya zura ƙwallo a raga. Fili ya kaure. Daga inda dattijon yake, yaron ya wuce 'yan baya kam. Abin da ya ɓoye masa shi ne ƙwallon ta fito ne daga ƙafar ɗan bayan ɗaya ƙungiyar, wanda ya mayar wa golansa da gangan, kuma a irin wannan babu satar gida.

Na kori 'yan wasa baya, na taka har bakin layi. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, idonmu na kan fili. Na ce, "Baba, wa ka ga ya taɓa ta ƙarshe?" Ya ce jikin mutane ya kare shi, inda yaron ya tsaya kawai ya gani. Na ce ɗan bayansu ne ya ba shi, a gabana aka yi. Ya ce, "To ta ci, Malam." Na nuna tsakiya, shi kuma ya ruga kan layinsa.

Da na so, daga nesa zan kaɗa masa hannu ya sauke tuta, doka ba ta hana ba. Amma filayenmu yawanci babu shinge, 'yan kallo na tsaye a bayan mai tuta har yana jin numfashinsu. Alƙalin da ya wulaƙanta shi a gabansu ya miƙa musu shi ne har a tashi. Shi ya sa nake tambayar abin da mutum ya gani. Tambayar wa ke da gaskiya tana tayar da girman kai, ita kuwa wannan amsarta gajera ce.

Shirun mataimaki ma yana da nasa haɗarin. A gasar cin kofin duniya ta 2006 a Jamus, alƙalin wasa Graham Poll ya nuna wa Josip Simunic na Kuroshiya katin gargaɗi har uku a wasansu da Ostareliya kafin ya kore shi, ba a samu wanda ya tare shi daga cikin abokan aikinsa ba. A wasan ƙarshe na gasar kuwa, alƙalin wasa Horacio Elizondo bai ga Zidane ya tunkuyi Materazzi ba, alƙali na huɗu ne ya sanar da shi, sannan jan kati ya fito. Don haka kafin kowane wasa nakan ce wa masu tutana: idan kun ga zan yi ɓarna a kan doka, ku ɗaga, ku kira ni, ku shigo fili in ta kama, kada ku bari a take.

Gardamar gaske sai an tashi, mu kaɗai, nesa da kunnen jama'a, kuma wani lokacin takan yi zafi. Sharaɗi ɗaya nake gindayawa. Idan koci ya tare ka a hanya yana zuga ka, kada ka ce masa, "Ni ma ban yarda ba, oga ne ya busa." Wanda ya faɗi haka, sai mun zauna da shi kafin in sake shiga fili tare da shi.