Sawun Giwa a Bakin Gaji

A garin Bauchi aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan kuma nake koyarwa, amma sai da na haura shekara arba'in kafin na sa ƙafa a gandun dajin Yankari, wanda tsakaninsa da ƙofar gidanmu bai fi kilomita 110 da 'yan kai ba. Tambayar yarinya ce ta tayar da tafiyar. Wata rana da daddare autarmu ta ji Baffa, ƙanin mahaifina, yana yi wa wani abokinsa da ya tashi daga doguwar jinya kirari da "gwanki sha bara", sai ta juyo ta tambaye ni yadda gwanki yake. Na san kirarin tun ina ƙarami, amma na kasa gaya mata launin jikin dabbar ko siffar ƙahonta, domin ban taɓa ganinta ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, saboda da yawa daga cikin karin maganar da nake koya wa ɗalibai a kan namun daji aka gina su, alhali ni da su duka sunaye kawai muke riƙe da su.

Da aka ba da hutun zango na biyu a watan Afrilu muka shirya, ni da mai ɗakina da yara uku da Baffa, wanda ya haura saba'in, wanda kuma ya bi mafarauta a ƙuruciyarsa kafin ya rataye baka ya kama noma. Da gangan na zaɓi lokacin, domin a ƙarshen rani ganye ya kaɗe, kududdufai sun ƙafe, dabbobi kuma dole su gangaro kwarin kogin Gaji neman ruwa. Bayan sallar asuba muka sayi masa mai zafi a Wunti, muka kama titin Gombe. A Dindima muka karya dama, muka ratsa ƙauyukan Alkaleri har Mainamaji, inda ƙofar gandun take.

Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40, kuma a wannan tsakanin ne mutum yake fara gane abin da ake nufi idan aka ce faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244. Gonaki suka ƙare kamar an ja musu layi, aka shiga marke da ƙirya da ƙawo da busasshiyar gamba, babu bukka, babu hayaƙin girki. Baffa ya ce tsofaffin mafarautan da suka koya masa harbi sun mutu suna jin zafin rufe musu wannan daji da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1956. An buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Shi Baffa bai taɓa shiga ba sai wannan rana, kuma tun daga ƙofa bai ɗauke idonsa daga tagar mota ba.

A sansanin, waɗanda suka fara tarbar mu gwaggon biri ne da mugun dawa, suna yawo a tsakanin ɗakunan kwana. Wani ma'aikaci ya ja mana kunne kada mu bar ƙofa a buɗe, kada kuma a riƙe leda a fili. Bai gama rufe baki ba wani ƙaton bika ya fizge sauran masar daga hannun ɗana na tsakiya, ya koma gindin bishiya ya zauna, ya kwance bakin ledar da yatsunsa a natse. Yaron ya tsorata, amma bai ji ciwo ba. Can gefe kuma mugun dawa ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana kiwo, da aka matso kusa da shi sai ya ruga da wutsiya a tsaye cak.

Da la'asar sakaliya muka hau buɗaɗɗiyar motar zagaya daji tare da ɗan jagora, domin ba a barin baƙo ya kutsa shi kaɗai. Mutum ne mai ƙarancin magana, haifaffen wani ƙauye da ke iyaka da gandun. Ya dubi baƙar rigar babban ɗana ya ce ya canja ta, saboda ƙudan tsando yana bin baƙin tufafi da shuɗi, kuma da muka gangara kwarin muka tabbatar da gaskiyarsa, don cizonsa kamar tsinin allura yake. A bakin ruwa muka tarar da gwambaza mai kaurin gashi, sannan garken ɓauna, baƙaƙe da jajaye, sun ɗaga hanci suna kallonmu, carki yana bin bayansu yana tsince kaska. Baffa ya ce a hankali, "Ɓauna, saniyar sake." Da wasu burtu biyu suka ratsa hanya da tafiyar ƙasaita, ya kwatanta wa yara yadda maharbi yake ɗaura kan wannan tsuntsu a goshi, ya yi rarrafe a cikin ciyawa yana kaɗa shi, har ya kusanci nama ba a gane shi ba.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da jagoran ya taɓa kafaɗar direba. A wani fili tsakanin bishiyoyi, gwanki huɗu suna tsaye. Dabba ce doguwa mai kusan girman doki, jikinta ja-ja mai ratsin toka, fuskarta baƙa da fari kamar an yi mata zane, kunnuwanta dogaye masu tsini, ƙahonta masu gaɓa-gaɓa sun lanƙwasa baya. Babbansu ya tsaya gaba yana fuskantar mu, bai gudu ba, bai kuma matso ba. Baffa ya ɗaga yarinyar ya tsayar da ita a kan cinyarsa ya ce, "Ga shi nan, auta, kalle shi da kyau." Muryarsa tana rawa. Daga baya ya gaya mini rabonsa da ganin gwanki ya fi shekara arba'in, domin a dazukan da ya yi farauta babu ko ɗaya da ya saura.

Da daddare muka zauna da jagoran a kan tabarma. Na tambaye shi labarin zaki, ya ce akwai, amma 'yan ƙalilan ne, shi kansa yakan yi watanni bai ga ko sawu ba. Raƙumin dawa kuwa ya riga ya ƙare a Yankari. Waɗanda ake gani a Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, daga Namibiya aka kawo su a 2006. Na daɗe ina kasa kunne ko zan ji gurnanin manyan dawa, amma ban ji komai ba sai kukan kura daga nesa.

Washegari tun da duku-duku muka sake fita, kuma wannan karon giwa muke nema. Jagoran bai yi mana alkawari ba, ya ce giwayen da suka rage ba su wuce ɗari zuwa ɗari da hamsin ba, dajin kuma da faɗi. Mun yi kusan awa biyu muna bin gaɓar Gaji kafin ya sa a tsaya. Ya sauka ya nuna mana sawu a cikin rairayi, zagayayye kamar faifai, ya ce idan aka auna kewayen sawun ƙafar gaba aka ninka shi biyu, an samu kimanin tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Kusa da shi akwai kashi, ya tura masa sanda ya fasa, sai ga danshi a ciki da zaren itace da ba su narke ba. Baffa ya roƙi a bar shi ya sauko, ya sunkuya ya kai bayan hannunsa kusa da kashin, ya ɗago ya ce, "Malam, ba su yi nisa ba." Jagoran ya yi murmushi ya ce, "Baba, ashe kai na gida ne."

Ƙarar karyewar reshe muka fara ji. Direba ya kashe mota, kowa ya yi tsit. Sai suka fito daga cikin kurmi ɗaya bayan ɗaya, wata babbar uwa a gaba, domin a wajen giwaye tsohuwar mace ce take jan garke. Na ƙirga goma sha ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin ƙarar tafiyarsu: halitta mai wannan nauyi tana taka busasshen ganye, amma ba ka jin komai sai fifitar kunnuwa da wani gunji mai zurfi da kake jin sa a ƙirjinka kafin kunnenka. A tsakiyarsu akwai wani ɗan ƙarami da bai gama sanin amfanin hancinsa ba, yana tsoma baki cikin ruwa kai tsaye, uwarsa kuma, wadda ta ɗauki cikinsa wata 22, ta sa shi a tsakanin ƙafafunta. Babbar ta juyo ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga hanci tana shaƙar iskarmu na ɗan lokaci, sannan ta koma ga shan ruwanta. Mai ɗakina tana ta maimaita tasbihi a hankali, ni kuwa wayar tana hannuna amma na manta da ɗaukar hoto.

A hanyar komawa ne jagoran ya ba mu wani labari da ya rage mini murna. Ya ce da kaka waɗannan giwaye sukan fita gandun, kuma a dare ɗaya suna iya cinye gonar dawa ko masarar da magidanci ya dogara da ita har shekara ta zagayo. Gonar yayansa ma ba ta tsira ba. Tun da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga aikin kula da gandun tare da gwamnatin jiha a 2014, an ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya wadda take nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, an kuma sa mutane a ƙauyuka masu sanar da manoma idan garke ya doso. A ganina duk wanda ya zo daga birni ya more kallon giwa, wajibi ne ya san cewa manomin bakin daji ne yake biyan wani kaso na kuɗin wannan kallo da hatsinsa, kuma idan ba a share masa hawaye ba, babu yawan masu gadin da zai isa.

Da rana ta take muka gangara matakalar da ke kaiwa ga ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani jan dutse yake ɓuɓɓugowa, garau, har kana ganin farin yashin ƙasansa da yatsun ƙafarka, manyan bishiyoyi sun yi masa rumfa. Ɗuminsa ba ya sauka daga digiri 31 rani da damina, shi ya sa masu zuwa da hunturu suke jin sa da ɗumi, mu kuwa a zafin Afrilu muka ji shi da sanyi. Daga nan yake gangarawa cikin Gaji, wato ruwan da yarana suke iyo a ciki shi ne wanda giwayen za su sha da yamma. Kogunan dutse na Marshall, waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa, suka zauna a ciki, da tsofaffin rijiyoyin Dukkey, lokaci bai bar mu mun je ba.

Kafin mu kama hanya muka shiga ɗan gidan adana kayan tarihi na sansanin, inda aka jera fatu da ƙasusuwa da hauren giwa, da bindigogi da tarkunan da aka ƙwace daga hannun masu farauta ta ɓarauniyar hanya. Yara suka ruga wajen haure. Baffa kuwa ya tsaya a gaban wani tarkon ƙarfe mai haƙora, ya daɗe bai ce komai ba. Da na matso kusa da shi, sai ya ce irinsa ya taɓa ɗanawa, kuma har yau yana tuna kukan wata gada da ta kwana a cikinsa da karyayyar ƙafa. Ya share fuska da bakin rawaninsa, ya riƙe hannun autar, suka riga mu fita zuwa mota.