Abin da na tsinta a bin sawun Dan Cooper

Ranar 24 ga Nuwamba 1971, wani mutum ya sayi tikiti da sunan Dan Cooper, ya hau jirgin Northwest Orient daga Portland zuwa Seattle, ya ce akwai bam a jakarsa. Aka ba shi dala 200,000 da laimar sauka huɗu. Ya saki fasinjoji a Seattle, jirgin ya sake tashi, sai ya buɗe matakalar bayan Boeing 727 ɗin ya faɗa cikin duhu da ruwan sama a kudancin jihar Washington. Tun ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Da FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta fara sakin takardun binciken a intanet, na duƙufa a kansu, ina haɗa su da abin da masu bincike na sa-kai suke rubutawa. Abin da ya fara bayyana mini shi ne yawancinsu daga mutum suke farawa. Sai an zaɓi wanda ake zargi, sannan a shiga tsince hujjojin da suka dace da shi. Kuma sau da yawa 'yan uwa ne ke kawo suna. Ɗan'uwan Kenneth Christiansen, tsohon ma'aikacin Northwest, shi ya nuna shi. Matar Duane Weber ta ce mijin ya faɗa mata a gadon mutuwa cewa shi ne Dan Cooper. Richard McCoy ya fi kowa kama da gaskiya, domin a Afrilun 1972 ya sace jirgi ta irin wannan hanya ya yi tsalle da dala 500,000, amma FBI ta ce shekarunsa da kamanninsa ba su dace da bayanin ma'aikatan jirgin ba. Wannan yana damuna ƙwarai, don mutanen nan sun rasu, ba su da bakin kare kansu, iyalansu ke ɗauke da nauyin.

Saboda haka na koma ga abin da ake iya taɓawa. Akwai baƙin nakatayan da Cooper ya bari a kujera, wanda ƙungiyar masu bincike na sa-kai ta Tom Kaye ta duba da madubin ƙara girma ta gano ɓurɓushin ƙarfen titaniyam, abin da ke nuna wataƙila ya yi aiki a masana'antar ƙarfe ko ta sinadarai. Akwai kuma dala 5,800 da wani yaro ya tono a yashin Tena Bar, bakin kogin Columbia, a 1980, lambobinsu sun yi daidai da na kuɗin fansar. Duk hasashen da na karanta, da waɗannan biyun nake auna shi. Kaɗan ne ke tsallakewa.

FBI ta dakatar da binciken a 2016. Ni dai na fi karkata ga cewa Cooper bai tsira ba. Ya yi tsalle da takalmin ofis cikin sanyin dare, ɗaya daga cikin laimomin da ya ɗauka ta koyarwa ce da aka ɗinke, ba ta buɗuwa, kuma ban da na Tena Bar, ko takarda ɗaya daga cikin kuɗin ba a gani tana yawo a hannun jama'a ba.