Lahadi, 29 ga Disamba 2024: bitar bayanan shekara

Tun da safe na buɗe foldar da nake tara bayanan abin da na koya a aikin rubuta manhaja, fayil ɗaya ga kowace matsala. Bana ba ƙirga su kawai na zauna yi ba, gwada su na zauna yi. Duk bayanin da ke ɗauke da umarni ko guntun kod sai an sake gudanar da shi a muhalli sabo fil, wanda ba a taɓa girka komai a cikinsa ba. Wanda ya yi aiki ya zauna yadda yake. Wanda ya faɗi, ko a gyara shi, ko a rubuta a samansa cewa ya tsufa.

Na fara da ƙidayar canje-canjen kod da na yi a shekarar, ta Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, don in kawar da ita daga gabana. Umarnin shi ne git log --since="2024-01-01 00:00" --no-merges, sai a haɗa da --author. Sa'ar nan ta 00:00 ba ado ba ce: in aka ba Git kwanan wata tsurarsa, yakan cike gurbin da lokacin da ake ciki a yanzu, sai aikin safiyar ranar farko ya zube daga lissafi. Matsala ta biyu adireshin imel. Wanda ya yi aiki da kwamfuta biyu masu imel daban zai ga git shortlog -sne ya raba shi gida biyu, kuma maganinsa fayil ɗin .mailmap mai haɗe su wuri guda. Ko bayan an gyara duk wannan, adadin ba ya faɗin wani abin kirki, tunda inda ake dunƙule aiki kafin a haɗe shi, aikin sati biyu yakan fito a layi ɗaya. Na rubuta adadin na wuce.

Gwajin gaske ya soma ne da docker run --rm -it python:3.13 bash, tare da haɗa foldar bayanan da -v. Dalilin zaɓen akwatin Docker, wato keɓaɓɓen muhallin gudanar da kod, shi ne kwamfutar da mutum ke aiki da ita kullum tana rufa masa asiri. Akwai laburaren da aka girka wata takwas da suka wuce aka manta, kod yana jingine da shi ba a sani ba, kuma wanda zai karanta bayanin ba shi da shi.

Bayanan Python ne suka fi jigata. Python 3.13 ta fito a watan Oktoba, ta kuma kwashe tsofaffin sassa 19 daga ɗakin kayanta, ciki har da cgi da telnetlib da crypt da imghdr. Bayanin da na rubuta a Fabrairu kan tantance nau'in hoto yana kiran imghdr, don haka ya mutu tun a layin farko. Wani kuma ya tsaya a kan distutils, wanda aka cire tun 3.12. Abin da ya ɓoye wannan a kwamfutata shi ne setuptools, mai ɗauke da kwafinsa na distutils, alhali daga 3.12 venv, mai ƙirƙirar keɓaɓɓen muhallin Python, ta daina girka setuptools da kanta. Sai datetime.utcnow(), wanda har yanzu yana aiki amma da gargaɗi. Madadinsa datetime.now(timezone.utc), sai dai sauyin yana da tarko: sabon lokacin yana ɗauke da shiyyarsa, tsohon ba ya ɗauke da ita, kuma da an ce a gwada wanne ya riga wanne tsakaninsu sai TypeError. Wanda ya canza layi ɗaya ya bar sauran, ya buɗe sabon rami ne.

Na NumPy, laburaren lissafi na Python, laifin bayanin ne tsantsa. Ya ce pip install numpy, bai faɗi siga ba. A watan Yuni NumPy 2.0 ta fito, np.float_ ya tafi, sai np.float64. Da an rubuta lambar siga tun farko, da bayanin na nan da ransa.

Inda na fi daɗewa shi ne bayanin Mayu kan wata tambaya mai nauyi a PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, wanda a raina shi ne mafi daraja a shekarar. Ya nuna yadda fihirisa (index, jerin da ke saurin kai ga layin da ake nema) mai ginshiƙi biyu, lambar abokin ciniki sannan ranar ciniki, ta sauƙaƙa nemo cinikin mutum ɗaya na kwanan nan. Na ɗaga PostgreSQL 17 a akwati, na gina tebur, na zuba layi hamsin, na yi fihirisar, na gudanar da EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna hanyar da aka bi wajen amsa tambayar. Sakamako: Seq Scan, wato karanta tebur layi bayan layi. Ko kallon fihirisar bai yi ba. Kuma gaskiyarsa, domin a tebur mai layi hamsin karanta shi gaba ɗaya ya fi arha a kan bi ta fihirisa. Ashe bayanin ya faɗi magani bai faɗi girman ciwon ba. Na zuba layi miliyan ɗaya da generate_series, na gudanar da ANALYZE don mai tsara tambayoyi ya san yawan abin da ke ciki, sannan fihirisar ta bayyana a tsarin. Waɗannan umarni biyun yanzu suna cikin bayanin.

Na ƙara masa abubuwa uku da na sani a ka amma ban taɓa rubutawa ba. EXPLAIN ANALYZE gudanar da umarnin yake yi da gaske, saboda haka in UPDATE ne ko DELETE, a sa shi tsakanin BEGIN da ROLLBACK. CREATE INDEX na yau da kullum yana hana rubutu a tebur har ya gama, shi ya sa a rumbun da mutane ke amfani da shi ake ƙara CONCURRENTLY, wanda shi kuma ba ya yarda a sa shi cikin BEGIN, kuma in ya katse a hanya yakan bar fihirisa mai alamar INVALID da sai an goge ta da hannu. Na ukun jerin ginshiƙai: a fara da wanda ake nema da daidai, a bi da wanda ake nema da tazara. In aka juya su, fihirisar za ta sa a leƙa layuka fiye da buƙata.

Da yamma na duba jerin abubuwan da na ce zan koya a Janairu. Ma'aunin da na yi amfani da shi ɗaya ne: zan iya bayyana abin ba tare da na buɗe komai ba? Na PostgreSQL eh, har da dalilai. Na git bisect, umarnin neman canjin da ya kawo matsala, eh, har lissafin cewa cikin canji dubu kusan gwaji goma ya isa a kama mai laifi, tunda kowane gwaji yana raba ragowar biyu. Yaren rubuta manhaja na Rust kuwa na karanta babin mallaka da aro har sau biyu, amma babu fayil ko ɗaya a foldar, kuma yau na kasa faɗin dokokin aro daidai. Abin ya dame ni, domin sa'o'in da suka tafi a kansa ba kaɗan ba ne. Bambancin a fili yake: abin da na koya saboda wani abu ya lalace a gabana, na kuma rubuta shi a ranar, shi ne ya zauna.

Kafin in rufe kwamfuta na sauya fasalin bayanan. Daga yanzu kowanne zai fara da layi huɗu: kwanan wata, sigar kowane abu da aka yi amfani da shi, saƙon kuskure kamar yadda ya fito harafi da harafi, da umarni ɗaya da zai tabbatar gyaran ya kama. Saƙon kuskuren kwafe shi za a yi, ba taƙaitawa ba, don ranar da ya sake fitowa shi za a liƙa wa grep -rn, umarnin neman rubutu a cikin fayiloli, kuma grep ba ya gane taƙaitawa.

Saura bayanan Docker, na bar su sai gobe. Da yawansu har yanzu docker-compose suke cewa da ɗan layi a tsakiya, maimakon docker compose na sabuwar siga, kuma kusan duka suna da layin version a saman fayil, wanda sabuwar Compose ke gargaɗin cewa ya daina amfani.