Ɗaki ɗaya, ciki uku

A shekarata ta biyu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, can Harobanda ƙetaren gadar Kennedy, mu uku ne a ɗaki. Bursu ɗaya muke amsa, wato kuɗin tallafin ɗalibai, layin resto ɗaya muke bi, wato gidan abincin jami'a, amma in ka ga cinmu sai ka rantse ba gari ɗaya muke ba. Da can ina ɗauka aljihu kaɗai ke yanke wa ɗalibi abin da zai ci. A ɗakin nan na ga hali ma yana sa hannu a kwano.

Ɗan Maradin cikinmu mutum ne mai lissafi. Ranar da kuɗi suka faɗo zai sayi tikitin resto, ya ɗaure su da roba, ya cusa cikin littafi. Garin rogo, sukari da ƙuli-ƙuli kuma suna ƙarƙashin gado, cikin bokiti mai murfi. Muna yi masa tsiya, muna ce masa Alhaji. Wata na kaiwa 20, gaban bokitin Alhajin nan muke tsugunawa.

Na biyun ɗan Tahoua ne, mai jama'a. Loma ba ta wuce masa in shi kaɗai ne. Kilishin jaka guda zai baje a fada, ya ɗora shayi, kowa ya gifta sai "Taho mu ci, abokina!" Kafin sati ya zagayo ya tsiyace, amma ban taɓa ganin ya kwana da yunwa ba, don rabin unguwar sun ci nasa.

Nawa ne ya fi wuyar faɗi. Ni mai fargaba ne. Masana halayyar ɗan Adam, waɗanda suka kasa hali gida 5, sun ce mai saurin damuwa cinsa yakan bi zuciyarsa, kuma ni shaida ne. Jarrabawa na ƙaratowa sai bakina ya rufe, in wuni kan Nescafé da guntun burodi, ƙarfe 2 na dare kuma in tashi ina laluben abin taunawa. Wata safiya cikin zafin Afrilu, jiri ya kwashe ni a bakin aji, takardar da na yi sati ina haddacewa ta bi iska.

Alhaji bai yi mini wa'azi ba. Washegari ya ja ni wurin mai dambu, ya ce, "Inna, ki ƙara masa zogale da mai." Ya zauna yana kallona har na suɗe kwanon, sannan ya miƙo mini littafina da ya ɓoye tun asuba.